Kit ɗin tarago ya yi kyau amma ba shi ne na hoton ba, ya zan yi da shi?

Auwalu_HO:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wlh yau raina a ɓace yake shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan ko a samu mai ba ni shawara. Dare uku ina kan wani kit (ƙaramin samfurin da kai za ka haɗa da hannu) na rufaffen taragon jirgin ƙasa na Amurka mai ƙafa 40, sikelin HO, wato ɗaya bisa 87 na girman gaske, irin wanda komai nasa daban yake zuwa, tsani daban, mariƙan hannu daban, har sandunan birki na ƙarƙashi sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana liƙawa da hantsaki. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Tsakani da Allah aikin robar ba shi da makusa, kawunan ribit ƙanana tsaf, ban kankare tsiron roba ko ɗaya ba, rufin kuma ina ɗorawa ya zauna daram. To jiya na gama sai na ce bari in nemo hoton ainihin taragon da ke ɗauke da wannan lambar don in san yadda zan yi masa dattin tsufa, ina buɗe hoton nan gabana ya faɗi. Bangon gaba da na baya na ainihin haƙarƙari biyar ne sama biyar ƙasa, nawa huɗu sama biyar ƙasa. Ƙofar ma ba iri ɗaya ba, ta hoton mai shafaffen fale-fale ce, tawa mai kwarmi-kwarmi. Kenan sunan kamfanin jirgin da lambar daidai ne amma jikin na wani taragon ne daban. Ni layin dogo na shekarar 1955 nake kwaikwayo a teburina. Yanzu in bar shi haka ne, ko in kankare rubutun, ko me?

Musbahu09:
Wa alaikumus salam Yaya Auwalu. Ni fa sabon shiga ne, dan Allah haƙarƙari ɗaya tak ne ya hana ka barci? Wa zai tsaya ƙirgawa in jirgi na tafiya?

Injiniya_Kabiru:
Musbahu ba haƙarƙarin ba ne matsalar, abin da haƙarƙarin ke nunawa ne. Taragon da AAR, ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasan Amurka, ta tsara a 1937 tsayin cikinsa daga daɓe zuwa rufi ƙafa 10 ne cif, shi ne mai bangon Dreadnaught huɗu da biyar. Daga baya aka ɗaga shi zuwa wajen ƙafa 10 da inci 6, to da tsawo ya ƙaru sai aka samu gurbin ƙarin haƙarƙari ɗaya a sama, ya zama biyar da biyar. Wato Auwalu ya gina gajeren ne alhali lambar ta dogon ce. Inci 6 a HO milimita 1.75 ne tunda kowace ƙafa milimita 3.5 ce. A hannu ba za ka ga komai ba amma jera shi cikin taragu goma ka sunkuya ka kalli layin rufinsu, nan take ido zai kama. Ai abin da ke ba jirgin kaya na shekarun 1950 kyau kenan, rufi wani sama wani ƙasa, tarago samfurin X29 na kamfanin jirgin Pennsylvania da cikinsa ƙafa 8 da inci 7 ne kawai yana maƙale da samfurin PS-1 dogo, in duk suka zama tsayi ɗaya hoton ya mutu.

Musbahu09:
Tabɗi. Ashe abin da lissafi. Na gode Injiniya.

Baba_Tanimu:
Auwalu ɗana, sannu da ƙoƙari. Na san zafin da kake ji don ni ma na sha shi. Amma bari in gaya maka yadda muka taso a harkar nan. Zamaninmu kit ɗin Athearn mai shuɗin kwali shi ne abin hannun kowa, ka buɗe ka ga gangar jiki guda, shasi, farantin ƙarfe na nauyi, bogi biyu (firam ɗin da ke riƙe da tayoyi), sukurori biyu, minti goma sha biyar ka gama ya hau layi. Tsani da mariƙa duk a manne suke da jiki. Jiki ɗaya za a yi wa fentin kamfanonin jirgi barkatai kuma ba wanda ya damu, mu dai burinmu jirgi ya yi tsawo ya zagaya ya dawo bai goce ba. Har aka daina yin su a 2009 ina da su fiye da yadda zan iya ƙirgawa a zaune, kuma wlh har gobe su ne ba sa ba ni ciwon kai, jikokina na ɗaukar su da hannu ba abin da ke karyewa. Ni a wajena inganci shi ne tarago ya yi shekara talatin yana aiki. Ka bar abinka yadda yake, ka yi masa tsatsa da ƙura ka sa shi tsakiyar jirgi.

Injiniya_Kabiru:
Baba Allah ya ƙara girma, ba musu zan yi da kai ba amma akwai bambanci. Wancan mai shuɗin kwalin bai taɓa yi maka alkawarin shi kwafin wani tarago ne takamaimai ba, ka saya ka san abin da ka saya. Shi kuwa irin wanda Auwalu ya gina, duk dalilin da ya sa mutum zai yarda ya ɓata dare uku yana liƙa abu kamar gashin gira ai don a ce ya yi daidai da na gaske ne. In daidaiton ya faɗi to wahalar ta mece ce?

Baba_Tanimu:
Wannan kuma gaskiyarka ce.

Zulai_N160:
Slm. Ni a ganina abu biyu ake cakuɗawa a nan kuma kullum sai an cakuɗa su. Inganci daban, daidaito daban. Yaya Auwalu da bakinsa ya ce robar ba makusa, to kit ɗin mai inganci ne. Kuma jikin ma in an bi ta kansa daidai yake da taragon 1937, fentin ne aka yi masa na ƙarya. Akwai kuma akasin haka, na taɓa haɗa wani kit da kowane ribit nasa yana inda ya kamata amma shasin a murɗe ya zo, kusurwa ɗaya na reto, duk mararrabar layi sai ya sauka, kwana biyu ina fama da ruwan zafi da matsi kafin ya miƙe. Wannan daidai ne amma ba inganci. Ni da nake sikelin N, ɗaya bisa 160, yawancin abin da kuke faɗa a kai ko da gilashin ƙara girma da ƙyar nake gani, abin da na fi dubawa shi ne tsayin zaman taragon a kan bogi, don tsofaffin kit na N da yawa suna tsayawa ƙiƙam kamar sun yi ɗage saboda a ba manyan leɓen taya wuri, wannan kam daga nesa ma ana gani.

Auwalu_HO:
Anti Zulai kin faɗi abin da na kasa faɗa. Ba robar nake jin haushi ba. Abin da ya ƙona min rai ko a kwali ko a takardar haɗi babu inda aka ce wannan fentin kwatance ne kawai. Da sun rubuta da na zaɓi wani sunan.

Nura_Rezin:
To ai nan ne gizo ke saƙar. Ku tsaya ku ji dalilin da ya sa suke yi, ba wai ina kare su ba. Mazubin ƙarfe da ake tura narkakkiyar roba ciki sassaƙa shi ake yi, kuma shi ne ya fi komai cin kuɗi a duk sana'ar, da zarar an sassaƙa bango mai huɗu da biyar to shi kenan sai dai a sassaƙa wani sabo. Kamfani kuma ba zai mayar da kuɗinsa da sunayen jirage uku ko huɗu da suka mallaki ainihin wannan ƙirar ba, sai ya duba sunayen da mutane suka fi so ya buga a kai ko sun mallaka ko ba su mallaka ba. Turawan harkar har suna suka ba irin wannan, fubi suke ce masa. Masu hankali a cikin kamfanonin sai suka koma yin bango daban, rufi daban, ƙofa daban, yadda za a iya haɗa kowane da wanda ya dace, irin yadda Branchline suka yi da jerin Blueprint na taragun bayan yaƙin duniya na biyu, ko yadda kamfanin Kadee ke canza faɗin ƙofa da irinta a PS-1 ɗinsu gwargwadon lambar da ke jiki. To amma ko da hakan ba za a taɓa cike duka ba don taragun Amurka na wancan lokacin kowane kamfanin jirgi da nasa son ran, wannan ya ce rufin Murphy wancan ya ce Viking, wannan birkin hannu na Ajax wancan na Miner. Shi ya sa ni na koma kit ɗin rezin, wani ruwan roba da ake zubawa ya daskare. Mazubin rezin na roba mai laushi ne, ba ya cin kuɗi kamar na ƙarfe, mutum ɗaya a ɗakinsa zai iya fitar da taragon da kamfanin jirgi ɗaya tak ya taɓa mallaka. Kit ɗin Westerfield in ka buɗe har tarihin taragon za ka tarar a takarda, jerin lambobi, shekarar da aka canza birki, shekarar da aka canza fenti, ka san me kake ginawa tun kafin ka taɓa gam.

Musbahu09:
Malam Nura to me ya sa kowa bai koma rezin ɗin ba kawai?

Nura_Rezin:
Don aiki ne ja ƙanena. Da yawansu a shimfiɗe suke zuwa, bango huɗu daban-daban kai za ka tayar da akwatin ka tabbatar kowace kusurwa ta miƙe, in bango ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo da kaurin takarda sai ka bi shi da samfefa a hankali har su yi daidai. Gam ɗin roba na yau da kullum ba ya kama shi sai sufa gulu, sannan dole ka wanke shi da sabulu tukunna saboda maiƙon mazubi in ba haka ba fenti ya ɓare. Ga hudar mariƙa, kowane mariƙi rami biyu da bakin diril lamba 79 ko 80 wanda ya fi allura siriri, numfashi mai ƙarfi ma karya shi yake. Kar ka fara da shi. Fara da kit ɗin kamfanin Accurail ka saba da hannu, sannan na Tichy, taragonsu na USRA (hukumar jiragen ƙasan Amurka ta zamanin yaƙin duniya na farko) mai katako da ƙarfen gicciye a waje makaranta ce guda, in ka gama shi lafiya to ka zo mu yi maganar rezin.

Hajiya_Rabi:
Ina ta karantawa ban sa baki ba amma dole in ce wani abu kan Accurail tunda an ambata. Mutane na raina mariƙan da aka zuba manne da jiki, ni kuma na ga in an yi su da siriri aka bi su da ɗan baƙin fenti mai ruwa-ruwa inuwa ta zauna a ƙarƙashinsu, daga taku biyu ba mai bambance su da na waya. Kuma ku masu waya ku faɗi gaskiya, mariƙin ainihi kaurinsa bai fi kashi uku cikin huɗu na inci ba, a HO wajen 0.009 kenan na inci, amma yawancinku 0.012 kuke sawa wanda in aka mayar da shi girman gaske ya haura inci guda. Na roba da ke zuwa daban a wasu kit ɗin ma sun fi haka kauri don in ba su yi kauri ba tun a reshen za su karye. To kowa fa da inda ya yi sassauci.

Injiniya_Kabiru:
Hajiya ban musa ba, ni ma 0.010 nake amfani da ita kuma na san ta ɗan fi. Kowa na sassauci, tayoyinmu ma ai faɗinsu 0.110 ne ko 0.088 na inci alhali in za a bi sikeli tsantsa wajen 0.064 ya kamata, sai 'yan Proto:87 ne ke bin wannan kuma sai sun sake duk mararrabar layinsu. Kan ƙugiyar haɗa taragu ta Kadee lamba 5 ya fi na gaske girma, lamba 58 ce ta matso kusa. Duk na yarda. Amma wannan sassauci ne da ni na zaɓa ido buɗe saboda jirgi ya yi tafiya. Na Auwalu wani ne ya zaɓa masa bai gaya masa ba, cinikin biri a sama aka yi da shi.

Hajiya_Rabi:
A nan kam muna tare.

Baba_Tanimu:
Tunda an zo maganar tafiya bari in ƙara, don 'yan baya irin su Musbahu. Duk kyan tarago in bai da nauyi banza ne. Ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu wannan harka ta Amurka, a HO oza ɗaya ce sannan a ƙara rabin oza kan kowane inci na tsawon jiki, mai ƙafa 40 tsawonsa inci biyar da rabi ne ko ya ɗan fi, kenan wajen oza uku da kashi uku cikin huɗu zuwa huɗu, giram ɗari da 'yan kai. Kit masu ƙyale-ƙyalen nan da yawa ba sa kaiwa, wasu ma babu nauyin sam a kwalin, kai kuma zumuɗi ya sa ka liƙe rufi kafin ka auna, shi kenan ka rufe ƙofa da kanka. Sa mara nauyi a gaba masu nauyi a baya ka shiga kwana ka gani, jan zai miƙar da shi ya kwanta ciki. Sai tsayin ƙugiya, tsakiyarta 25/64 na inci daga saman layi, in ta yi ƙasa ka sa washa tsakanin bogi da shasi, ta Kadee ja 0.015 ce mai ruwan toka 0.010. Sukurun bogi kuma ɗaya ka ɗaure shi ya juya kawai, ɗayan ka sassauta ya ɗan yi rawa. Auwalu ka auna naka kuwa kafin ka rufe?

Auwalu_HO:
Na auna Baba, na sa masa noti biyu na ƙarfe daidai saman kowane bogi, yanzu giram 110 yake. Tayoyin ma na canza zuwa na ƙarfe masu inci 33. Tafiya kam lafiya lau yake yi, shi ya ƙara sa abin ke min ciwo.

Zulai_N160:
Mu a N rabin oza ne da ƙarin 0.15 kan kowane inci, mai ƙafa 40 bai cika oza ɗaya ba ma. Buɗaɗɗun taragu su ne bala'i, babu inda za ka ɓoye nauyin sai ka yi musu lodi.

Sagir_Santafe:
Ku yi haƙuri zan ɗan fita daga layi kaɗan amma yana da alaƙa. Ni abin da ya fi haƙarƙari damuna shi ne ƙananan rubutun gefe, kuma ba wanda ke maganarsu. Yaya Auwalu ka ce 1955 kake yi. Duba kusa da inda aka rubuta nauyin taragon, in ka ga NEW da wata da shekara irin 1941 to ko jikin ya yi daidai wannan ma kuskure ne a teburinka, domin ana sake auna taragu duk bayan 'yan shekaru a shafe tsohon rubutun a buga harufan tashar da aka auna da sabon kwanan wata, ba yadda za a yi tarago ya shekara sha huɗu yana yawo da NEW. Haka na taɓa ganin kit mai katakon tafiya a kan rufi da dogayen tsani an buga masa tambarin kamfanin da bai wanzu ba sai 1976, alhali tun 1966 aka daina sa wa sabbin taragu wannan katakon. Wannan ma dai za a iya cewa tsoho ne ba a cire masa ba tukunna don cirewar ta ɗauki shekaru. Amma wani na gani da allon ACI mai launi-launi na na'urar gane tarago, wanda daga 1967 zuwa 1977 aka yi amfani da shi, a jikin tarago mai tsohon birki samfurin K da tun wajen 1954 aka hana shi shiga layin wani kamfani. Wannan kam ba ta inda za a kare shi.

Injiniya_Kabiru:
Sagir ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Birki! Jama'a ku riƙa juya tarago kuna duba cikinsa. Birkin AB da aka wajabta wa sabbin taragu tun 1933 gida uku ne, tankin iska, bawul, da silinda, kuma bakin silindar yana kallon ɓangaren da keken birkin hannu yake. Akwai wani tsohon kit da ya yi suna sosai wanda duk kayan birkinsa a juye suke kamar a madubi, bisa dukkan alamu an karanta zanen kamar daga ƙasa ake kallo alhali daga sama aka zana shi, kuma haka aka yi ta buga shi shekara da shekaru. Akwai kuma kit ɗin taragon tanki mai kyan gaske, haɗinsa daɗi, wanda aka ɗauko daga zanen USRA na zamanin yaƙin duniya na farko, sai dai shi wannan zanen tankin ba a ƙera shi a lokacin ba, a takarda ya tsaya, saɓanin rufaffen taragonsu mai bango ɗaya da aka ƙera guda 25,000. Kun ga zane ma kaɗai ba hujja ba ne. Hoto shi ne hujja, hoton ma mai shekara a jiki.

Musbahu09:
To ni yanzu tsoro ma ya kama ni wlh. Ina da kit huɗu da ban buɗe ba, ta ina zan san na gaske ne ko fubi?

Hajiya_Rabi:
Kar ka ji tsoro ɗana, ba jarrabawa ba ce. Ka fara tsayar da shekarar da kake so, ita ce ke yanke rabin gardamar. Sannan ka nemi ORER na wannan shekarar, littafin rajistar taragu ne da a shekarun 1950 ake fitarwa sau huɗu a shekara, kowane kamfanin jirgi da jerin lambobinsa da tsawon ciki da faɗi da tsayi da faɗin ƙofa. Ka duba lambar da ke jikin kit ɗinka, in littafin ya ce tsayin ciki ƙafa 10 da inci 6 kai kuma naka gajere ne ka gane. Ba zai gaya maka irin bango ko rufi ba, wannan sai hoto, ƙungiyoyin tarihin kamfanonin jiragen suna da su da yawa. In kuma ka duba ka ga ba daidai ba ne amma kana son abinka, gina shi ka ji daɗinka, ba wanda zai zo ya karɓe. Ni ina da wasu da na san sarai ba daidai ba ne kuma ba zan rabu da su ba don marigayi maigidana ne ya haɗa su.

Musbahu09:
Allah ya jiƙansa Hajiya. Na gode ƙwarai.

Baba_Tanimu:
Amin, Allah ya yi masa rahama.

Nura_Rezin:
Amin. Auwalu mu dawo kanka. Ni ban ga dalilin taɓa jikin ba. Canza bangon gaba da baya ba zai ƙara masa tsayi ba, sai dai ka yanka gefe ka yi ƙari, wannan kuma ɓarna ce. Jikin da ke hannunka taragon 1937 ne sahihi kuma kamfanoni da yawa sun mallake shi, Southern Pacific na da su, Northern Pacific na da su, Southern ma haka. Sunan ne kawai za ka canza. Abu ɗaya ka duba kafin ka sayi dikal, wato siririyar takardar rubutu da tambari da ake mannawa, kusurwar bangon, na farko-farkon kusurwarsu a tsaye take kamar ta akwati, na baya kuma an lanƙwasa ta ta yi zagaye. Wacce ce taka?

Auwalu_HO:
Yanzu na ɗauko shi na duba, mai zagaye ce Malam Nura. Rufin kuma mai fale-fale murabba'i, ƙofa ƙafa 6 mai kwarmi.

Injiniya_Kabiru:
To ka ci sa'a, wannan haɗin shi ya fi yawa, ƙofar Youngstown ce rufin kuma Murphy. Ka zaɓi kamfani ɗaya ka nemo hoto na shekarun 1950 mai nuna ɓangaren birkin hannu, ka duba irin keken birkin da kuma katakon kan rufi ko na itace ne ko na ragar ƙarfe, waɗannan biyun cire su ba wuya ko da ka riga ka liƙa. Bogin ma ka kalla. Tun ran gini ran zane dai, na gaba hoto tukunna kafin gam.

Baba_Tanimu:
Ni dai har yanzu da ni ne da na bar shi. Amma na ga ranka ba zai kwanta ba in ba ka gyara ba, to gyara ɗana. Abin da nake roƙonka kar ka tsoma shi cikin man birkin mota don cire fenti kamar yadda wasu ke faɗa, yana sa wata robar ta bushe ta riƙa tsagewa, da duk ƙananan kayan da ka liƙa za ka yi asara.

Sagir_Santafe:
Ba ma sai ya cire fentin duka ba Baba in launin ja-ƙasa ne irin na yawancin rufaffun taragu. Rubutun kawai zai ɗaga. Ka yanki 'yar takarda mai laushi daidai girman rubutun ka ɗora ka jiƙa ta da Micro Sol, ruwan laushasa dikal, ka bar ta wasu mintuna kana ƙara jiƙawa kar ta bushe, sannan ka ɗauke ka goga da abin goge fensir a hankali ko ka manna salatif ka fizge. Wani rubutun sau ɗaya yake tashi wani sai ka maimaita sau uku huɗu, ya danganta da tawadar. In ya ƙi sai a koma ga alkohol mai kashi 91 amma shi yana cin fentin ma, ka sani. Inda ya ɗan yi dabbare-dabbare kar ka damu, taragon da ya shekara goma sha a layi dama haka gefensa yake, kuma wajen rubutun nauyi ma facin sabon fenti ake so ya fito. Kafin dikal ka fesa mai sheƙi don kar iska ta maƙale a ƙasa ta yi fari-fari, bayan ya bushe ka rufe da mara sheƙi.

Zulai_N160:
Kuma dan Allah Yaya Auwalu ka rubuta wa kamfanin, cikin ladabi, ka tura musu hoton. Wasu kamfanonin yanzu suna rubutawa ɓaro-ɓaro cewa wannan fentin na sha'awa ne ba na tarihi ba, kuma ba su fara ba sai da masu saye suka yi ta magana. Layi ɗaya ne a gefen kwali.

Auwalu_HO:
In sha Allah zan rubuta musu yau. Na duba abin da Sagir ya faɗa, ai kuwa NEW ne a jiki, kenan ko ba komai sai na taɓa wurin. Na tsayar da Northern Pacific, na samu hoto ɗaya amma daga ɓangaren da ba birki aka ɗauka, in akwai mai wanda ke nuna keken birkin ya taimaka min da shi. Malam Sagir zan fara gwada Micro Sol ɗin a kan ƙaramin rubutun da ke can ƙasan kusurwa in ga yadda fentin zai yi kafin in taɓa babban tambarin. Minti nawa kake barin takardar a karon farko?

Sagir_Santafe:
Fara da biyar. In ka goga ka ga launin ja a jikin abin gogewar to ka tsaya, fentin ne ya fara tashi, ka bar shi ya bushe sai gobe.